Na ciyo kofin muhawara, amma likitoci sun ce ina da otizim

Assalamu alaikum Anti. Ni mace ce 'yar shekara 34, ina zaune a Ingila da maigidana da yaronmu ɗaya. Kafin mu taho na yi shekara bakwai ina koyar da Turanci a wata sakandare a gida, yanzu kuma ina aikin kula da tsofaffi. Bara waccan likitoci suka tabbatar yaron yana da otizim, abin da ake ce wa galahanga. Ina cika masa takardun tambayoyi sai na riƙa ganin kaina a ciki: rashin jure hayaniya, tashin hankali idan aka sauya tsari ba shiri, da kasa gane nufin mutum sai ya fito fili ya faɗa. Tun ina yarinya nake shan duka a kan wannan. Baƙuwa za ta miƙo min kuɗi, Umma ta ƙyafta min ido, ni kuwa in karɓa in yi godiya, don ban ga komai ba. In ta yi min gatse ta ce "je ki mana", sai in ɗauko takalmi.

Na tara kuɗi na je wani asibitin kuɗi aka yi min gwaji, zama uku. Rahoton ya ce ina da otizim, amma ya ƙara rikita ni. A gwajin basira na samu 121 a ɓangaren harshe, 98 a ɓangaren da ba na harshe ba, 84 a saurin aiki. A wani shafi an rubuta cewa ɓangaren da ba na harshe ba daidai yake da na yawancin mutane, a wani shafin kuma an ce ina da babbar matsala a abin da ba na harshe ba. Wanne zan ɗauka? Na kuma karanta a intanet cewa masu otizim sun fi ƙwarewa a haɗa siffofi, magana ce rauninsu. Ni kuwa akasin haka nake.

Maigidana ya ce kuɗina kawai aka ci. Ya ce wadda ta ciyo wa makarantarsu kofi a gasar muhawara, wadda in ta fara bayani sai an ce ya isa, ta ina ta zama galahanga? A ganinsa Turawa ne ba su san kunya ba, sun ga ina sunkuyar da kai suka rubuta ciwo. Da aka kira Umma a waya ita ma cewa ta yi lafiyata ƙalau, na riga duk 'ya'yanta fara magana. Ya roƙe ni kada zancen ya kai kunnen Hajiyarsa, don za a ce ni na shafa wa yaron. Ranar da na karɓi rahoton kuka na yi na samun sauƙi, yanzu kuwa ji nake kamar ƙarya na yi wa likitocin. Don Allah ki ba ni shawara, kuma a sakaya sunana.

Wa alaikumus salam ƙanwata.

Sannu da ƙoƙari, sannu da ɗawainiyar yaro a ƙasar da ba dangi. Ta wasiƙa ba wanda zai iya tabbatar miki da abin da likitoci suka rubuta ko ya rushe shi, don haka ba wannan zan yi ba. Abin da zan yi shi ne in ɗauki dalilan da suka sa kike shakka in auna miki su. Yawancinsu ba su da nauyin da kike ba su. Guda ɗaya ne, wanda maigidanki ya kawo, ya cancanci a saurare shi da kyau, kuma zan zo kansa.

Shafukan nan biyu ba saɓa wa juna suka yi ba. Turanci ne ya yi rowar kalma, ya ɗauki guda ɗaya ya raɗa wa abubuwa biyu da ba su haɗa hanya ba. Don mu huta da ruɗani, bari in kira na farko basirar ido, na biyu kuma maganar jiki.

Basirar ido ita ce ta ba ki 98. Daga yadda kika jero lambobin, gwajin ya yi kama da WAIS, wanda wani masanin halayyar ɗan'adam a Amurka, David Wechsler, ya assasa, bugunsa na huɗu kuma ya fito a 2008. Ina jin kin tuna 'yan tubalan nan ja da fari da aka zube miki a tebur aka ce ki haɗa su su yi daidai da hoto, mai gwajin na riƙe da agogo. Da jerin siffofin da aka cire guda ɗaya aka ce ki nemo wadda ta ɓace. Wannan shi ne ɓangaren da ba na harshe ba a gwajin basira: warware matsala da ido da tunani, ba tare da kalmomi ba. Ɓangaren harshe kuwa shi ne inda aka tambaye ki ma'anar kalmomi, da abin da ya haɗa abu kaza da abu kaza, da tambayoyin sanin duniya. Saurin aiki shi ne inda aka ba ki fensir da minti biyu kina kwafe alamomi a ƙarƙashin lambobi. An tsara makin ta yadda 100 ne tsakiya, kuma kusan kashi biyu cikin uku na mutane tsakanin 85 da 115 suke faɗawa. Ke nan 98 ɗinki tsakiyar kasuwa ce, ba rauni a ciki. 121 na nufin in aka tara sa'anninki ɗari kin wuce kusan casa'in da biyu. 84 kuwa ta ɗan sauka ƙasan layi, kuma ita ce lambar da ta fi shafar rayuwarki ta yau, ko da yake ita kika fi mantawa da ita a wasiƙar.

Maganar jiki ba a auna ta da tubala. Wani zama ne daban, mai yiwuwa da gwajin duba alamun otizim da ake kira ADOS-2, wanda kashinsa na huɗu aka tanada musamman don manya da matasa masu magana sosai. Ki lura da wannan: an tanadi kashi guda sukutum don masu baki irin naki, abin da ke nuna cewa likitocin ba su taɓa ɗaukar iya magana a matsayin shaidar babu otizim ba. A zaman, in an ba ki littafi mai hotuna an ce ki ba da labari, ko an ce ki nuna yadda kike goge haƙori, ko an ja ki da hira a kan abota da kaɗaici, daɗin Turancinki ba ya cikin lissafi. Ana kallon ko hannunki yana raka bakinki, ko fuskarki tana sauyawa da zancen, ko idonki da muryarki suna tafiya tare, ko kina lura in mai sauraro ya jefo wata 'yar magana a kan kansa don ki cafe, ko kuwa kina wucewa ki ci gaba da naki. Mutum zai iya haɗa tubala cikin daƙiƙa goma amma ya kasa gane cewa baƙonsa ya gaji da zama. Wani kuma ya kasa tubalan amma daga shigowarki ɗaki ya san kin yi faɗa da miji.

Mu kuwa Hausawa, rabin zancenmu ba a baki yake ba. Harara magana ce, tsaki magana ne, shiru ma magana ne. Muna da gatse da habaici da shaguɓe da hannunka-mai-sanda, muna da "ai ba komai" wadda ke nufin akwai komai, da "ku zauna mana" wadda wani lokacin ke nufin dare ya yi. Muna cewa labarin zuciya a tambayi fuska, kamar kowa an haife shi da iya karatun fuskar. Yarinyar da ba ta ga ƙyaftawar idon uwarta ba, a wajenmu ba a cewa ba ta gani ba, cewa ake yi ta raina mutane, ko ba ta da kara, ko iyayi ya yi mata yawa. Shi ya sa labarin kuɗin baƙuwar nan da na takalmin suka fi duk lambobinki ukun gaya min wani abu. Kowane yaro ƙarami yana faɗawa tarkon gatse sau ɗaya ko biyu, daga nan ya gane. Wadda ta girma tana shan duka a kai amma abin bai zauna mata da kansa ba, sai da ta koye shi kamar darasin nahawu, tata daban ce.

Abin da kika karanta a intanet yana da asali, sai dai rabin labari ne. Likitan da ya fara bayyana otizim a Amurka a 1943, Leo Kanner, yara goma sha ɗaya ya rubuta a kansu, kuma matsalar magana ta yi fice a cikinsu. Binciken da ya biyo baya ya nuna da yawa daga irin waɗannan yaran sun fi ƙarfi a tubalan nan, kamar yadda masu bincike Amitta Shah da Uta Frith suka nuna a Landan a 1993. A 2007 kuma wasu masu bincike, cikinsu har da Michelle Dawson ta Kanada, wadda ita kanta mai otizim ce, suka gano cewa yaran da suka gwada sun fi samun maki sosai a gwajin siffofi zalla na Raven fiye da na Wechsler. To amma a 1944 wani likitan yara a Ostiriya, Hans Asperger, ya bayyana wasu yaran da ke zuba bayani kamar ƙananan farfesoshi, kalmominsu sun fi shekarunsu, amma ba su iya zama da sa'anni ba. Wata likitar ƙwaƙwalwa a Ingila, Lorna Wing, ce ta fito da aikinsa fili ga masu jin Turanci a 1981. Shekaru aka yi ana zaton za a iya raba rukunan biyu da tazarar maki, waɗannan harshe ya rinjaya, waɗancan ido ya rinjaya, amma da aka yi ta gwadawa sai aka ga ma'aunin ba ya tsayawa. A 2013 littafin likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka, DSM-5, ya haɗe su a suna ɗaya, kundin Hukumar Lafiya ta Duniya da ya fara aiki a 2022 shi ma haka ya yi.

Ki nemi sharuɗɗan tabbatar da otizim da ke cikin DSM-5 ki karanta da kanki, tunda Turanci sana'arki ce. Za ki ga wahala ta ɓangarori uku a mu'amala: musayar zance da ji, maganar jiki, da ƙulla alaƙa da riƙe ta. Za ki ga ana neman aƙalla biyu cikin abubuwa huɗu: maimaita motsi ko magana, nacewa a kan tsari ɗaya, tsananin shaƙuwa da wani abu, da jin ƙara ko haske ko taɓi fiye ko ƙasa da kima. Za ki ga dole abin ya faro tun yarinta, kuma yana kawo cikas a rayuwa. Tazara tsakanin makin harshe da na ido ba ta cikin jerin ko kaɗan. Ana samun irin tazararki a masu otizim, ana samunta a dubban mutanen da ba su da shi. Asibitoci da yawa ma ba sa yin gwajin basira in suna duba babba. Masu yi suna yi ne don su ga ko akwai raunin fahimta a tare, kuma su san inda mutum ke buƙatar tallafi. Kuma duk lambar nan kiyasi ce, a rahoto mai kyau za ki ga an sa mata iyaka sama da ƙasa, don in aka sake gwada ki wata rana tana iya motsawa da 'yan maki.

Yanzu ga maigidanki. Maganar kofin muhawara ba ta karya komai ba. Muhawara tana da maudu'i tun kafin a zo, tana da minti, tana da alƙali mai kaɗa ƙararrawa ya ce yanzu naki ne. Aji ma haka: ke ke tsaye, ke kika san darasin, mai son magana sai ya ɗaga hannu. Irin wannan fili ne mai otizim mai kaifin harshe ke haskawa a ciki. Tambayar da zan so ki yi wa kanki ita ce yadda kike ji a ɗakin malamai lokacin tara, mata shida suna hira uku a lokaci ɗaya, ana dariyar abin da ba a faɗa ba. Ko a gidan biki ranar kamu, kiɗa na tashi, turare ya cika ɗaki, leshi na cizon wuya, kowa na jiran ki san wa za ki fara gaisarwa. In a can ne kike komawa gida kamar an yi miki duka, to bakin da ya ciyo kofi bai hana komai ba.

Amma a batun kunya yana da gaskiya da ba zan tauye masa ba. An gina waɗannan gwaje-gwajen ne a Amurka da Turai, inda kallon ido cikin ido alamar natsuwa ce, mu kuwa an tarbiyyantar da mu cewa ɗiya mace ba ta ƙura wa babba ido, balle namiji baƙo. Likitan da bai san wannan ba zai iya karanta ladabi a matsayin alama. Shi DSM-5 ɗin da kansa ya ce al'adu sun bambanta a wannan fanni, kuma da ma'aunin al'adar mutum ake auna shi. Haka makin WAIS: da mutanen da suka tashi a can ake kwatanta ki, da harshen da ba shi kika sha a nono ba, wanda ke nufin 121 ɗin nan ma mai yiwuwa ta rage miki, kuma wasan haɗa tubala da agogo ba abin da yawancinmu muka taso da shi ba ne. Hanyar rarrabewa ba ta da wuya. Kunya tana da adireshi: suruki, malami, baƙo. Tana sauka in an shiga ɗaki da ƙawaye ko ƙanne. Ki duba, shi ma ki ce ya duba: da ƙanwarki, da aminiyarki, da shi kansa in kuna ku biyu, idonki yana zama a kan fuska ba tare da kin tuna masa ba? Kina gane ya yi fushi kafin ya faɗa? Kuma kunya ba ta bayyana rashin jure ƙara, ba ta bayyana tashin hankali in an sauya tsari. Kallon ido abu ɗaya ne cikin abubuwa da yawa da ake dubawa, bai isa shi kaɗai ya yanke hukunci ba.

Don haka ki rubuta wa asibitin ki nemi zaman bayani, haƙƙinki ne tunda kin biya. Ki tafi da tambayoyinki a takarda. Ki ce su nuna miki, sharaɗi bayan sharaɗi, hujjar da suka dogara da ita. Ki tambaye su ko hukuncin zai tsaya in aka cire batun kallon ido gaba ɗaya, da yadda suka yi la'akari da cewa a wata al'ada kika tashi kuma Turanci harshenki na biyu ne. Ki tambaya ko sun duba wasu abubuwan da ke kama da otizim, irin su tsananin fargabar shiga mutane, da lalurar rashin tattara hankali da ake kira ADHD, da ciwon damuwa, don suna iya zama su kaɗai, suna kuma iya zuwa tare da shi. In da hali ki tafi da maigidan ya yi tambayarsa da bakinsa. Namijin da aka ba dama ya ƙalubalanci likita ido da ido ya fi sauƙin saukowa a kan wanda aka miƙa wa takarda aka ce ga abin da Turawa suka ce. In amsoshin ba su gamsar da ke ba, likitan unguwarku zai iya tura ki a sake dubawa a asibitin gwamnati, sai dai layin yana da tsawo, a wurare da yawa ya wuce shekara. In kuma kun je gida hutu kina son zama da likita mai jin Hausa, wanda ba sai an fassara masa gatse ba, akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa a Kaduna da sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Ki fara tambaya ko akwai wanda ya saba duba manya, don yawanci yara ake kaiwa. Abin da ba na so ki yi shi ne ki sake kashe kuɗi a maimaita gwajin basira kwanan nan. Kin riga kin ga tambayoyin, makin zai tashi don sabo, kuma ko ya tashi ba shi ne zai amsa miki ba.

Umma kuwa kada ki riƙe ta a rai. Wace uwa ce Bature zai kira ta daga wata ƙasa ya ce 'yarki tana da matsala tana ƙarama, ta ce e? Ko da ta ga wani abu, rufin asiri ne zai fara zuwa bakinta. Kuma gaskiya ta faɗa, kin yi magana da wuri, kawai dai hakan ba ya kore komai. In kina son tarihin yarintarki, kada ki tambayi kowa ko lafiyarki ƙalau. Ki kira Yayarki ko wata goggo mai yawan tuna baya, ku yi hira kamar ta nishaɗi. Wane suna ake tsokanarki da shi a gida? In yara sun fita wasan gaɗa kina shiga ko kina gefe da littafi? Wajen manya kika fi zama ko sa'anni? Akwai abincin da ko an yi miki dole ba kya ci, ko kayan da kike cirewa da zarar an saka miki? Ranar kitso yaya ake ƙarewa da ke? A irin wannan hirar ce za ki ji an ce "ai ke tun kina ƙarama miskila ce", ko "aku muke ce miki", kuma waɗannan su ne likita ke nema. Ki rubuta su ki kai.

Jin kamar ƙarya kika yi, mata da yawa da aka gano suna da otizim bayan sun girma suna faɗin haka. Dalili shi ne sun shafe shekaru suna kwaikwayo: haddace gaisuwa, kallon yadda wata ke dariya a yi irinta, shirya hira tun a hanya kafin a isa gidan mutane. Abin sananne ne har wata mai bincike, Laura Hull, da abokan aikinta a Landan suka fitar da takardar tambayoyi 25 don auna shi a 2019. Wadda ta ƙware a wannan, in aka ce tana da otizim sai ta ga ai tana iyawa, ta manta abin da iyawar ke ci mata. Tarbiyyar 'ya mace a wajenmu ma tana taya ɓoyewa, domin yarinya mai shiru, mai son zaman ɗaki, mai bin ƙa'ida sau da ƙafa, yabo take sha. Sai an yi aure, an shiga dangin miji da kishiyoyin sauri, sannan lissafin ya fara yawa.

Ina ganin abin da ke cin maigidanki ba rahoton ba ne, tsoro ne. Ya riga ya haɗiye labarin ɗansa, yanzu an ce matarsa ma, kuma kalmar da yake da ita a Hausa ita ce galahanga, wadda in aka faɗe ta hoton da ke zuwa shi ne yaron da ba ya magana, ba ya iya kula da kansa. Dole ya ce a'a, don ba matar da ya aura ke nan ba. Ni shi ya sa na fi son in ce otizim. Kada ki tsaya jayayya da shi a kan suna. Ki zaɓi lokacin da yaro ya yi barci, ki kawo masa abu biyu ko uku da shi ma ya sha gani: ranar da ya zo da baƙi ba sanarwa kika rikice, ranar da ya yi ta jan fuska yini guda ba ki lura ba har ya ƙara hawa. Ki ce masa ba wai ba ki damu ba ne, gani ne ba kya yi, in ya faɗa da baki za ki gyara. Ko bai taɓa yarda da rahoton ba, in ya yarda ya riƙa faɗa miki abu kai tsaye kuma ya riƙa sanar da ke kafin a sauya shiri, kin samu mafi yawan abin da kike nema a wajensa.

A batun Hajiyarsa ina bayansa, aƙalla a yanzu. Magana zarar bunu ce, kuma labarin lafiyarki naki ne, ba bashi ba ne da dangin miji ke binki. Amma ki riƙe wannan don zuciyarki, ko don ranar da wani zai jefo habaici. Otizim ba a shafa wa mutum shi. Gado yana da babban hannu a ciki, wani bincike na 2019 da ya bi mutum sama da miliyan biyu a ƙasashe biyar ya kiyasta shi da kusan kashi 80 cikin ɗari, amma ƙwayoyin gadon da ke da hannu suna da yawa ƙwarai, suna zuwa ta uwa, suna zuwa ta uba, wasu ma a jikin yaron suke fara bayyana. Ba wanda zai iya nuna gida ɗaya da yatsa. Turawa ma sun yi zamanin ɗora wa iyaye mata laifi, wai sanyin zuciyarsu ne ke jawowa, kimiyya ta yi watsi da wannan tuntuni. Yaronki kuma ya yi dacen uwar da in ya toshe kunne a kanti ta san abin da yake ji, ba sai an yi mata bayani ba.

Sai 84 ɗin nan. Mai kaifin baki da jinkirin aiki yana cikin wani tarko na musamman: mutane suna jin yadda kike magana sai su auna ki da shi, in kika makara wajen cika takardun ƙarshen aiki, ko aka zubo miki umarni biyar a tsaye lokacin miƙa aiki kika riƙe uku, sai a ce ganganci ne ko raini. Ke ma sai ki fara zargin kanki. A Ingila dokar daidaito ta 2010 ta wajabta wa mai ɗaukar aiki ya yi sassauci daidai gwargwado ga mai lalura mai ɗorewa da ke shafar harkokinsa na yau da kullum, kuma masu otizim da yawa suna shiga ƙarƙashinta. Abin da za ki nema ba mai tsada ba ne: a ba ki umarni a rubuce, a ba ki jadawalin aiki da wuri kuma a sanar da ke in za a canza, a ƙara miki 'yan mintuna da wuri mara hayaniya don cika takardu. Ba sai kin faɗa wa abokan aiki ba, shugabarki ko sashen kula da lafiyar ma'aikata sun isa, kuma ba sai kin miƙa rahoton duka ba, ki ce asibitin su rubuta miki gajeriyar wasiƙa. In ba ki shirya faɗa ba tukuna, ki sa ɗan littafi a aljihu, duk wanda ya ba ki umarni ki rubuta a gabansa ki maimaita masa. Ƙungiyar masu otizim ta Birtaniya, National Autistic Society, tana da bayanai kyauta a kan haƙƙin ma'aikaci da kuma rayuwa bayan samun sakamako.

Otizim kansa ba shi da ƙwaya, kuma duk wanda ya ce zai sayar miki da maganin warkewa, ke ko yaron, ki riƙe kuɗinki. Amma rashin barci da fargaba da damuwa suna da magani, kuma suna yawan raka shi. In kukan ya ƙi tsayawa, ko kika ji rayuwar ta fita daga ranki, kada ki jira zaman asibitin kuɗin, ki ga likitan unguwa a makon nan.

Ki rubuto min bayan kun je zaman, ina son jin abin da suka ce a kan tambayar kallon ido, da abin da Yaya ta tuna. Allah ya ba ku lafiya da zaman lafiya. Ki shafa min kan yaron, in yana yarda a taɓa masa kai.